Kwantar da mai shaye-shaye na tsawon watanni: zaɓen cibiya, yadda zaman ke tafiya, da wuraren da ake tuntuɓe

Wanke jiki daga giya ko ƙwaya yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Gyara rayuwar da ta ginu a kan shan kuwa aikin watanni ne. Iyalai da yawa suna haɗa biyun wuri guda: an kwantar da yaro kwana goma, ya yi amai, ya yi gumi, ya fara cin abinci, fuskarsa ta washe, sai a ce ya warke, a ɗauko shi. Bayan mako uku ya koma ruwa, a ce maganin bai karɓe shi ba. Alhali ba a ma fara maganin ba.

Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka, NIDA, ta daɗe tana bayyana cewa maganin da bai kai kwana 90 ba amfaninsa kaɗan ne. Idan aka ce zaman dogon lokaci, ana nufin mutum ya zauna a cibiya dare da rana, daga wata 3 zuwa wata 12, wani wurin ma fiye da haka.

Wa ya kamata a kwantar

Ba kowane mai sha ke buƙatar wannan ba. Wanda ke da aikin yi, yana da iyali da ke tsaye a kansa, kuma shan bai yi nisa ba, ya fi dacewa ya riƙa zuwa ganin likita daga gida, domin raba shi da aikinsa wata shida na iya kwance igiyar da ke riƙe da shi. Kwanciya ta fi amfanar wanda ya gwada magani daga gida ya faɗi ba sau ɗaya ba, ko wanda a gidan da yake kwana ake shan abin, ko ba shi da matsuguni, ko yana haɗa abubuwa biyu uku, ko kuma yana da ciwon ƙwaƙwalwa a kan shan. Wanda ke maganar kashe kansa ko hankalinsa ya gushe, asibiti za a fara kai shi, cibiya ta biyo baya. Mace mai ciki da ke shan hiroyin, kodin ko tiramadol kada a yanke mata shi kwatsam, domin yana iya jawo ɓari ko haihuwa kafin lokaci. Likita ne zai mayar da ita kan metadon ko bufurenofin, magungunan da ake bayarwa a madadin ƙwayar don hana ciwon yankewa.

Sai batun yarda. Matsin iyali ko umarnin kotu na iya sa mutum ya shiga magani kuma ya amfana. Wannan daban yake da a yaudare shi ko a ɗaure shi a jefa shi ɗaki. A 2012 hukumomi 12 na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa suna kira da a rufe wuraren tsare masu shaye-shaye bisa tilas, saboda babu shaidar suna warkarwa, ga cin zarafi. Hanyar da ta fi aiki ita ce a yi masa magana lokacin da yake cikin hayyacinsa, musamman washegarin wata ɓarna da shi ma ta dame shi, a daina biya masa bashin da shan ya jawo, kuma a riga an nemi gurbi. Yardar mai sha ba ta daɗewa. Idan ya ce "to" da safe, kada a ce sai mako mai zuwa.

Kwanakin farko: inda rai ke cikin haɗari

A faɗa wa likita gaskiya tsirararta: me yake sha, nawa a rana, tun yaushe, yaushe ya sha na ƙarshe, ya taɓa faɗuwa da jijjiga. Iyali kan ɓoye giya saboda kunya su ambaci ƙwaya kawai. Wannan ɓoyon na iya kashe shi.

Giya ce ta fi haɗari wajen yankewa. Mai sha kullum da yawa yakan fara rawar hannu, gumi, tashin zuciya da bugun ƙirji awa 6 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe. Jijjiga irin ta farfaɗiya takan zo cikin awa 48 na farko. Tsakanin awa 48 da 96 wasu kan shiga gigita: zazzaɓi, rikicewa, ganin ƙwari ko mutane a bango. Wannan mataki yana kisa idan ba a kula ba. Ana tare shi da diyazefam ko makamancinsa, a riƙa ragewa cikin kwana 5 zuwa 7, ana auna hawan jini da bugun zuciya a kai a kai. Idan hanta ta lalace a kan zaɓi lorazefam. Ana kuma yi masa allurar bitamin B1 kafin a ƙara masa ruwa mai sukari ko tare da shi, domin rashin wannan bitamin na lalata ƙwaƙwalwa ta yadda mantuwa za ta zauna masa har abada. Saboda haka kada iyali su tilasta wa mashayin giya ya daina kwatsam a gida "don ya shiga cibiya da tsabta". Wurin da akwai likita ne wurin dainawa.

Ƙwayoyin barci da kwantar da hankali, irin su diyazefam da Rohypnol, su ma yanke su lokaci guda na kawo jijjiga. Ana rage su ne kaɗan-kaɗan cikin makonni, wani lokaci watanni.

Hiroyin da danginsa, irin su kodin da tiramadol: ciwon yankewa kan fara awa 8 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe, ya ɗauki kwana 4 zuwa 10. Hamma, majina, ciwon ƙashi, murɗar ciki, amai da gudawa. Ba kasafai yake kisa ba, amma idan aka bar mutum a ɗaki yana amai da gudawa ba ruwa, bushewar jiki za ta iya gamawa da shi. Tiramadol yana da ƙari: firgici, rikicewar tunani, kuma yawan shansa kansa na jawo jijjiga. Hodar ibilis da metamfetamin ba sa ba da wahalar jiki sosai, sai barci mai nauyi, yunwa, da baƙin ciki mai zurfi. A nan abin tsoro shi ne kashe kai, don haka ido ba ya barinsa a makon farko. Tabar wiwi kan bar fushi, rashin barci da mafarkai masu tayar da hankali na mako ɗaya zuwa biyu.

A wannan makon ne ake gwajin hanta da ƙoda, HIV, ciwon hanta nau'in B da C, tarin fuka, da gwajin ciki ga mata. Nau'in C yanzu ana warkar da shi da ƙwayoyi cikin mako 8 zuwa 12, kuma zaman cibiya dama ce ta a sha maganin a kammala.

Zaɓen cibiya

Ku je da ƙafarku kafin ku biya ko sisi. Ku nemi ganin ɗakin kwana, banɗaki, wurin girki, da ɗakin da ake ajiye wanda ya tayar da hankali. Cibiyar da ta ce ofis kawai za ku gani ta riga ta ba ku amsa. Sannan ku tambaya:

Wace hukuma ce ta ba su lasisi, kuma yaushe ta zo dubawa? Akwai likita, kwana nawa a mako yake zuwa, wa ke kwana da marasa lafiya da dare, kuma wane asibiti ake garzayawa idan wani ya faɗi? Mai ba da shawara ɗaya mutum nawa yake riƙe da su, kuma sau nawa a mako yake zama da kowa shi kaɗai? Suna yarda da magungunan hana komawa sha? Me ake yi wa wanda ya karya doka? Mata da maza a rabe suke, yara ba a haɗa su da manya? Me kuɗin ya ƙunsa, kuma idan ya fita kafin lokaci me za a mayar? Ku karɓi jadawalin mako a rubuce, ku duba ko awowin magani na gaske ne ko aikin ƙarfi da zaman banza.

Duka, sarƙa, hana abinci, aske kai don wulaƙanci, tsayar da mutum gaban jama'a a zage shi: duk inda kuka ga ɗaya, ku juya. Haka wanda ya yi muku alkawarin warkewa ɗari bisa ɗari, ko ya ce yana da wani haɗin sirri. Tarihin wannan fanni da kansa gargaɗi ne. Synanon, ƙungiyar gyaran masu shaye-shaye wadda Charles Dederich ya kafa a Kalifoniya a 1958, ita ce ta fito da tsarin masu murmurewa su zauna tare suna gyara juna, kuma cibiyoyi irin su Daytop Village a 1963 da Phoenix House a 1967 a New York sun ɗauki tsarin suka ci gaba da shi. Amma ita Synanon, da ta rufe ƙofa ga idon waje kuma iko ya taru a hannun mutum ɗaya, sai ta rikiɗe ta zama ƙungiyar duka da tsoratarwa, har mutanenta suka sa wa wani lauya maciji a akwatin wasiƙunsa a 1978. Tsarin na da kyau. Rashin mai sa ido ne ke lalata shi. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, sun fitar da ƙa'idojin maganin shaye-shaye na ƙasa da ƙasa a 2020, kuma cibiya ta gari ba za ta ji haushi ba idan kuka tambaye ta ko tana bin su.

Watan farko

Mafi yawan masu guduwa a cikin kwana 30 na farko suke guduwa. Dalilan sanannu ne. Barci ba ya zuwa. Komai ba ya daɗi, domin ƙwaƙwalwar da ta saba da ɗumbin jin daɗi daga ƙwaya ba ta amsa abinci, hira ko wasa tukuna. Ƙishin abin yana tasowa ya yi ƙarfi na mintuna, ya lafa, ya dawo. Sai kuma a mako na biyu zuwa na uku jiki ya yi sauƙi, mutum ya ji da gaske ya warke.

A nan ne wayar ke zuwa. "Umma, wallahi na warke. Nan duk mahaukata ne, abincin ma ba ya ciyuwa. Ki zo ki ɗauke ni, na yi miki alkawari." Ba ƙarya yake yi ba, abin da yake ji ke nan a lokacin. Iyali su shirya amsa tun kafin ranar, kuma baki ya zo ɗaya, don idan uba ya ƙi zai nemi uwa, idan ta ƙi zai nemi yayarsa. Amsar ta zama mai taushi amma a tsaye: "Na ji ka, ɗana. Ba zan yanke komai a waya ba. Zan yi magana da mai kula da kai, kuma ranar ziyara ina nan tafe." Yawancin wannan zafin kan sauka cikin kwana biyu uku. Amma a bambanta ƙorafi da rahoto. Idan ya ce an doke shi, an ɗaure shi, ko an hana shi maganinsa, ku je a ranar, ku gan shi ku kaɗai, ku duba jikinsa.

Cibiyoyi da yawa na karɓe waya kuma su taƙaita ziyara a makonnin farko. Wannan daidai ne idan an faɗi ranar da za a ɗage, kuma iyali na iya jin labarinsa daga ma'aikata.

Abin da ake yi da watannin

Rana a tsare take: tashi lokaci ɗaya, gyara gado, taron safe, aikin da aka ɗora wa kowa a girki ko shara ko lambu, zaman rukuni, motsa jiki, kashe fitila lokaci ɗaya. Mutumin da ya shekara biyar yana kwana da rana yana yawo da dare, wannan kaɗai magani ne gare shi. Yana nuna riƙon amana ana ƙara masa nauyi da 'yanci, har ya zama shi ke karɓar sababbi.

Aikin da ya fi muhimmanci shi ne bin sawun sha. Mai ba da shawara zai sa shi ya ɗauki shan ƙarshe ya bi shi da baya, awa bayan awa. Ya sha da tara na dare. Da takwas ina yake? Ya bi ta layin da mai sayarwa yake, wai don ya fi kusa. Da shida fa? An biya shi kuɗi a hannu. Da rana? Sun yi faɗa da matarsa, bai ci abinci ba. Idan aka yi haka sau da yawa, zai ga shan ba daga sama yake faɗo masa ba, yana da matakala, kuma a kowane mataki akwai abin da zai iya yi dabam. Sai a gwada a aikace: wani ya zama tsohon aboki yana miƙo masa, shi kuma ya koyi cewa a'a a gajarce, ba dogon bayani, ya bar wurin. Ga masu hodar ibilis da metamfetamin, waɗanda har yanzu ba su da maganin sha da aka amince da shi, hanyar da ta fi nuna sakamako ita ce ba da ƙaramar lada duk lokacin da fitsari ya fito da tsabta.

Ciwon damuwa da firgici a kan jira kamar mako huɗu da daina sha kafin a tabbatar da su, domin da yawa ƙwayar ce ta haddasa su kuma za su tafi da kansu. Wanda nasa ya tsaya, ko ya yi tsanani tun farko, a yi masa magani tare da na shan. Barin ɗaya a kama ɗaya shi ke mayar da mutane ruwa. Soyayya tsakanin mazauna cibiya kuwa an hana ta da dalili: kan fita tare, su faɗi tare.

Magunguna

A nan muke saɓawa da cibiyoyin da ke cewa "ba ma musanya ƙwaya da ƙwaya". Ga mai hiroyin da danginsa, metadon da bufurenofin suna rage haɗarin mutuwa da kusan rabi muddin ana kansu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin magunguna masu muhimmanci tun 2005. Ana shan metadon aƙalla wata 12, wasu shekaru. Bufurenofin ba a fara shi sai ciwon yankewa ya bayyana sosai. Idan aka yi gaggawa zai ture ƙwayar da ke jiki ya jefa mutum cikin azaba nan take. Naltirekson, mai toshe tasirin hiroyin a jiki, ƙwaya kullum ko allura duk wata, ba a fara shi sai an yi kwana 7 zuwa 10 ba a taɓa hiroyin ko danginsa ba.

Ga giya akwai naltirekson, mai rage ƙishi da daɗin sha, da akamfurosat da ake sha sau uku a rana bayan an duba ƙoda, da disulfiram da ke sa mutum amai da bugun zuciya idan ya kurɓa, har zuwa mako biyu bayan daina shi. Kada a taɓa zuba wa mutum disulfiram a abinci a ɓoye; yana iya kwantar da shi a asibiti ko ya kashe shi.

Idan ya sha yana ciki

Yana faruwa, musamman bayan fita ziyara. Cibiya ta gari za ta mayar da shi baya a mataki, ta bi sawun abin da ya faru, ta ƙara masa kulawa. Kora kan dace da wanda ya shigo da abin ya raba wa wasu ko ya yi duka, shi ma a miƙa shi wani wuri, ba a ajiye shi bakin titi da dare ba. A kula da gwajin fitsari: hodar ibilis da hiroyin kan ɓace cikin kwana biyu zuwa huɗu, wiwi kuwa kan kai wata guda a jikin mai sha kullum, don haka ganinta a mako na biyu ba shaidar sabon sha ba ce. Tiramadol da fentanil ba sa fitowa a gwajin gama-gari, sai an nemi nasu.

Sallama

Shirin fita daga tsakiyar zama ake fara shi. Ana gwada shi da fitar awowi, sannan wuni, sannan kwana biyu, ana gwaji duk dawowa. Kafin ranar, abubuwa huɗu su tabbata: inda zai kwana, abin da zai yi daga safe zuwa yamma, ranar ganin likita cikin makon farko, da maganin da zai kai shi ranar. Idan gida ne wurin shan, a nemi gidan haɗaka na masu murmurewa, irin tsarin Oxford House da aka fara a Amurka a 1975, inda mazauna ke biyan haya tare kuma su fitar da wanda ya sha. Ya fara halartar taron masu taimakon juna, AA (na masu daina giya) ko NA (na masu daina ƙwaya) ko makamancinsu, tun yana ciki, domin baƙon fuska da wuya ya shiga taro shi kaɗai.

Iyali su share ɗakinsa sosai, aljihun tsofaffin riguna, cikin takalma, bayan durowa. A kulle magungunan gida. A canza lambar waya. Kuɗi a riƙa ba shi na kwana ɗaya ko biyu a watannin farko, da saninsa da yardarsa. A daina tone-tonen abin da ya wuce a gaban mutane, a kuma guji bin sa da ido kamar ɓarawo. Yarjejeniya a rubuce kan gwaji da lokacin dawowa gida ta fi zargin kullum.

NIDA ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari kan sake sha bayan magani. Ga mai hiroyin da danginsa, wannan shan na farko shi ne mafi haɗari a rayuwarsa, domin jiki ya manta adadin da ya saba, hannu bai manta ba. Wani bincike da aka buga a 2007 a kan fursunonin da aka saki a jihar Washington ta Amurka ya gano haɗarin mutuwa sakamakon shan ƙwaya fiye da ƙima a mako biyun farko ya ninka na sauran jama'a sau 129. Dalilin ɗaya ne ga wanda ya fito daga cibiya. A gaya masa wannan baki da baki, kuma kada ya fita ba tare da nalokson a gida ba, wato maganin farfaɗo da wanda ya sha hiroyin ko danginsa fiye da ƙima, kowa ya san inda yake.

Alamun sha fiye da ƙima su ne: ba ya farkawa ko an girgiza shi, numfashi a hankali ko minshari mai ƙarfi, leɓɓa sun yi shuɗi ko toka-toka, ƙwayar ido ta tsuke. A kira motar asibiti, a fesa nalokson a hanci ɗaya ko a yi allurar a cinya, a hura masa numfashi idan ba ya yi. Idan bai farfaɗo ba cikin minti 2 zuwa 3, a ƙara. Idan numfashi ya dawo, a kwantar da shi ta gefe. Ƙarfin nalokson kan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, ƙwayar kuma tana nan a jiki, don haka ko ya tashi yana cewa lafiyarsa ƙalau, asibiti za a kai shi. Daga can a kira cibiyar a ranar, a nemi ganin likita cikin awa 24, a duba ko gyaran magani ya isa ko sai ya koma ciki na ɗan lokaci.